Kawu, Mai Tsaron Burtali

Daga Allah muke, wurinSa kuma za mu koma, sai dai Kawu ya riga mu da safiyar Talata, bayan ya shekara guda yana cewa ya gaji da jira. Yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Kafin azahar an yi masa sutura an kai shi, aka dawo aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, jama'a ta cika har bakin kwata. Baƙon da bai san garinmu ba zai rantse wani masoyin mutane ne ya rasu. Inna, wato mahaifiyata, ta leƙo ta zaure ta ga taron, ta koma ciki ta ce wa matata, "Ba gaisuwa suka zo ba. Sun zo su tabbatar ne."

Ba ta yi ƙarya ba. Surukina, uban matata, ya zauna kusa da ni, ya shafa addu'a, sannan ya sunkuyo ya ce, "Allah Ya jiƙan shi. Mai gaskiya ne, amma gaskiyar tashi ƙaya gare ta." Wani tsoho da ya hau babur takanas daga wajen Tsiga ya ce wa na kusa da shi, ba ma a hankali ba, "Ya huta, mu ma mun huta." Aka yi dariya ƙasa-ƙasa ana rufe baki da hannun riga. Da Liman ya miƙe ya ce duk wanda marigayi ya ɓata wa rai ya yafe masa don Allah, "mun yafe" ɗin da ta fito ko kaza ba za ta kora ba. Shi kansa Liman ɗin, Kawu ya taɓa tuge masa auduga kunya uku.

Muryata ce ta fi ta kowa tashi, har mutane suka waiwayo. Sun ɗauka ƙauna ce, ni kuwa na san tsoro ne. Abin da zan yafe wa Kawu bai kai rabin abin da nake nema ya yafe mini ba. Na zauna rubuta wannan ne don kada a manta da shi, don kuma na gaji da karɓar gaisuwar da ake yi mini a matsayin ɗan ƙanwarsa mai biyayya.

Kawu Bafulatani ne da Fulatanci ya gudu ya bari, bai rage masa ba sai sunayen shanu da zagi. Dogo ne siriri, kullum da malfa da sanda, ba ya dariya sai in wani ya faɗi. Mahaifina manomi ne Bahaushe, saboda haka tun ina rarrafe Kawu ke kirana Kaɗo, da na zama malamin firamare sai ya ƙara mini girma na koma Kaɗon boko. Ban taɓa jin ya kira sunana ba.

Aikinsa a duniya, ban da garkensa, shi ne burtali, hanyar nan da ake bari tsakanin gonaki don shanu su bi su sauka mashaya. Namu ya taso daga makiyayar arewacin gari, ya ratsa gonakin masara da auduga, ya faɗa rafi daidai inda ruwa ba ya ƙafewa ko a tsakiyar bazara. Babu wanda ya naɗa Kawu, babu mai ba shi ko goro. Shi dai ya taso ya ga ubansa yana auna faɗin burtalin da sanda, sanda goma sha biyu daga wannan shingen bini-da-zugu zuwa wancan, ya ɗauki sandar ya ci gaba. Kowa ya san halin manomi da iyaka: kunya ɗaya bana, ɗaya baɗi, kafin a farga hanya ta zama gona. A garuruwan da ke kewaye da mu haka aka cinye burtalai ana kallo.

Ruwan shuka na sauka Kawu zai bi burtalin daga sama har ƙasa, ya ga wa ya matsar da shinge, ya wuce abinsa. Ba ya taɓa shukar a lokacin. Sai masara ta kai gwiwa, an yi mata noma, an zuba mata taki, ta yi baƙi ƙirin tana sheƙi, sannan ya zo ya kwantar da sanda ya ƙirga, ya bi duk abin da ya shigo ya tuge. Inna ta taɓa yi masa magana a gabana.

"Yaya, don Allah in za ka tuge ka tuge tun tana ƙarama mana. Miye na bari sai mutum ya zuba ƙarfinshi?"

"In na tuge ta tana jaririya gobe ya sake shukawa," ya ce. "Sai ya ba ta taki ya ji zafin, shi ne baɗi zai tuna da ni."

Duk wanda ya zo masa da magiya ko da tsiya, amsa ɗaya yake samu: "To ta ina za ta bi? Saniya fiffike gare ta?" Ya faɗa wa Mai unguwa haka, ya faɗa wa Liman. Akwai wani tsohon Bamaguje a unguwar bayan rafi, amininsa ne tun suna samari, goro ɗaya suke rabawa. Da dawarsa ta shigo burtali taku biyu, Kawu ya tuge ta da hantsi, da la'asar kuma ya je ya zauna a ƙofar gidan mutumin ya miƙa hannu a ba shi ɓarin goronsa. Aka kuma ba shi.

Ba zan zalunce shi ba, yana da alheri, sai dai alherin nasa ba ya zuwa da sallama. Shekarar da mahaifina ya rasu muna ƙanana, damina ta faɗi Inna ba ta da mai yi mata huɗa. Da sassafe muka ji ƙarar garma a gonarmu. Kawu ne da bijimansa biyu, ya bar tasa gonar ya fara da tamu. Haka ya yi ta yi shekara bayan shekara har na iya riƙe garma. Ranar da Inna ta aike ni da fura in yi masa godiya, ya karɓi ƙwaryar ya shanye, ya ce, "Ce mata ba don ku na yi ba. Ciyawar gonar ragon ubanku ce ke zuba iri a cikin burtali." Na koma ina kuka, Inna ta ce in yi shiru, godiyar ce ya karɓa.

Rigimata da shi ta zo ne shekarar da na yi aure. Surukina ya ba ni gona a gefen burtali, ni kuma da zafin ango na ga gonar ta yi mini kaɗan, na ciccire bini-da-zugun na matsar da shi, na ƙara kunya huɗu. Na ce ai Kawu ne, jini ba ya ƙarya. Masarar ta yi kyau irin na nuna wa sa'a. Na kira gayya don maimai, aka zo da kalangu, mata suka dama fura, surukina ya zo da 'yan'uwansa su ga yaron da ya ba 'ya. Ana tsakiyar aiki sai ga malfar Kawu. Bai yi wa kowa sannu ba. Ya kwantar da sanda yana ƙirgawa da ƙarfi, da ya kai goma sai ta shiga masarata. Mai kalangu ya tsaya da kiɗa. Kawu ya naɗe hannun riga ya bi kunya huɗun nan tun daga wannan kai har wancan, ya tattara abin da ya tuge ya rungumo ya zube a gaban surukina.

"Ga shi nan, Alhaji, a kai wa awaki. Wanda ka ba ɗiya hanyar dabbobi yake sata. In ya zo gaishe ka, ka riƙa ƙirga kajinka."

Wasu suka tuntsire da dariya. Daga ranar sunana ya zama Sanda Goma. Abokai suka kira ni haka, 'yan tasha suka kira ni haka, ɗalibaina ma na sha tsintar sunan a bayan allo.  Na ci gaba da zuwa gaishe da Kawu kowace Juma'a ina durƙusawa, ta ciki na ciki. Ni mutum ne mai riƙo, kuma na gaji riƙon ne ta wajen uwa.

Shekaru suka ja, gari ya girma har ya haɗiye rafin. Inda da muke wankan tsiya da kamun tarwaɗa ya zama bayan shagunan mutane, ana zuba shara. Sai ga masu aiki sun zo da takardu, za a gyara bakin rafin a yi wurin shaƙatawa, a dasa itatuwa, a sa bencina da lilon yara da fitilu masu aiki da hasken rana. Daga nan kuma a ja wata hanyar ƙafa mai daɓe ta fita bayan gari, ta haɗu da wadda za ta zo daga ƙauyukan gaba, don masu tattaki da masu keke. Lokacin na yi ritaya, ni ne sakataren kwamitin ci gaban gari.

Hanyar ƙafar ce ta gagara. Injiniyan, wani matashi mai ladabi da ba ɗan yankinmu ba, ya gwada gabas da rafi, masu lambu suka taso masa, kowane taku da mai shi, wannan rijiyarsa, wancan mangwaron kakansa. Ya gwada yamma, haka. Ya nemi tsofaffin burtalan da taswirarsa ta nuna a maƙwabta, ya tarar duk sun zama gonaki, kowane da mutum goma masu rantsuwa cewa gadonsu ne. Wanda ya ci hanya ya shuke ta, shi aka saurara. A zaman kwamiti injiniyan ya ce mana in ba a sami inda za a bi ba, za su ɗauke aikin gaba ɗaya su kai wani gari. Sai na ji bakina ya ce akwai wata hanya.

Washegari na goya injiniyan a babur ɗina muka hau burtalin Kawu daga makiyaya. Muna tafiya yana cewa in tsaya, ya sauka ya ja tef, ya rubuta, ya yi dariya. Faɗi ɗaya ne daga sama har bakin ruwa, babu shuka ko ƙwaya, babu itacen kowa, babu mai takarda a kai. Shekara arba'in da wani abu na baƙin jinin Kawu ne ya share masa hanyar, ya kuma hana kowa samun bakin magana a kanta. Da Kawu ya kasance rago irin na sauran garuruwa, da ba a sami inda za a ɗora tubali ɗaya ba.

Yaron nan, injiniyan, ya yi tambayar da ta kamata, ba zan ɗora masa laifina ba. Ya ga kashin shanu ya ce, "Malam, dabbobin da ke bin nan fa?" Na ce masa ai kiwo ya ƙare a garin nan, 'yan tsiraru ne na wani tsoho, suna iya bin titi su sauka ta ƙarƙashin gada. Wani tsoho, haka na ce. Na gaya wa kaina don gari na yi, kuma akwai gaskiya a ciki, wurin ya yi kyau, jikokina can suke lilo. Amma na san daɗin da na ji a maƙogwarona lokacin da nake faɗa, kuma ba daɗin ci gaban gari ba ne.

Da aka fara kafa turaku masu jan fenti, Kawu ya bi ya tuge su, aka sake kafawa, ya sake tugewa, aka kira shi gaban kwamiti. Ya shigo da sandarsa ya dubi waɗanda ke zaune, babu mutum ɗaya a cikinsu da bai taɓa tuge wa shuka ba. Aka ce ya kawo takardar da ta nuna wurin nasa ne. Ya ce ba nasa ba ne, na shanu ne. Aka ce to shanun su kawo tasu. Ya ce, "To ta ina za su bi?" Surukina, wanda ya riƙe maganar kajin nan fiye da yadda na riƙe, ya gyara zama ya ce, "Su yi fiffike." Ɗakin ya ɗauki dariya. Ni ina gefe kaina a sunkuye ina rubuta bayanin taro.

Aka shimfiɗa daɓen, aka ja shingen waya aka zagaye mashayar, aka sa ƙofa da mai gadi. A bakin hanyar aka kafa allo. Kawu bai iya karatun boko ba, amma ba a bar shi cikin duhu ba, hoton saniya aka zana aka ja mata jan layi a kai. Wata Juma'a da safe na same shi tsaye a gaban allon yana kallon alhazai da ma'aikata cikin fararen takalma, suna tafe suna wurga hannu, su kai ƙarshe su juyo.

"Kaɗon boko, waɗannan ina za su?"

"Ba inda za su, Kawu. Tafiya kawai suke. Likita ne ke cewa a yi."

Ya daɗe yana kallonsu. "Waɗanda ba su da wurin zuwa an ba su hanya," ya ce. "Masu ƙishirwa an ba su hoto."

Daga nan garkensa ya koma bin kwalta, titin da manyan motoci ke ɗibar masara zuwa Funtua. Tafiyar ta ninka sau uku, kwaltar na ƙona musu kofato, direbobi na zaginsa. A bazara ta biyu, wata rana da azahar, shanun suka jiyo ƙanshin ruwa tun kafin gada suka ɓalle da gudu suka tsallaka, wata tirela mai lodi ta fito daga kwana. Bakwai ta kwashe. Kafin Kawu ya tashi daga inda ya zube, mahauta sun iso da wuƙaƙe suna yanka masu sauran numfashi kada su zama mushe, mata na biye da su da robobi. Aka ce yana zaune a bakin kwalta, malfarsa a ƙasa, wani yana tambayarsa ko zai bar masa kayan ciki. Ranar babu gidan da bai ɗora nama ba a garinmu.

Da la'asar ɗan Kawu, taubashina, magidanci mai 'ya'ya biyar, ya yi sallama a ƙofata da ƙunshi a ganye. Ya ce Baba ya ce a kawo mini ni kaɗai. Na buɗe, harshe ne, guda, an wanke shi tas. Matata ta ce ka ga Kawu da zumunci, cikin wannan masifa ma bai manta da kai ba. Ta yi farfesunsa da yaji da citta. Ba ni da bakin da zan ce mata ba zan ci ba, don sai na faɗi dalili. Na ci tana tsaye a kaina tana tambaya ko gishiri ya ji.

Sauran shanun ɗan nasa ya kora su kasuwa bayan kaka, ya ce ba zai jira tirela ta biyu ba. Kawu bai hana ba. Ya jingine sandar a kusurwar zaure ya zauna, kuma zaman nan ne ya cinye shi, ba ciwo ba. Mutanen da ke canza hanya in sun hango malfarsa suka koma wucewa ta gabansa suna ɗaga murya, "Sannu da hutawa, Baba!" 

Kwana huɗu kafin rasuwarsa Inna ta kira ni ɗakinta. Ban taɓa gaya mata komai ba, amma ta dube ni ta ce, "Ko mi ke tsakaninku, je ka yau. Ana gab da rufe ƙofa." Na tafi da hantsi. Yana kwance a tabarma a zaure, fuskarsa na kallon fili inda turakun garke ke tsaye babu igiya. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi komai, babur ɗin, tef ɗin, da maganar wani tsoho. Ina faɗa ina kuka, mutum mai furfura.

"Na sani," ya ce. "Tun ranar. Na ga sawun babur ɗinka a kan burtali, tayar baya mai faci, da sawun takalmin baƙo inda kuka tsattsaya. Ni da ke gane sawun maraƙi cikin garken wani, naka zai ɓace mani? Ina kallonka kowace Juma'a kana durƙuso. Na ce bari in bar ta ta kai gwiwa."

"Kawu, don Allah don Annabi ka yafe mini."

"Ni mi ka yi mani? Ga butata nan, ban kwana da ƙishi ba ko sau ɗaya. Kai malami ne, Kaɗon boko. Ba wanda aka zalunta shi ke yafewa ba?"

"Haka ne, Kawu."

Sai ya fara kiran sunayen shanun da tirela ta kwashe da Fulatancin nan da ya rage masa, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, da muryar da yake kiransu da ita in za a tatsa. Bakwai. Bayan kowane suna yakan dakata kaɗan.

"Je ka neme su. In sun yafe, na yafe."

"Kawu, ai an yanka su."

"An kuwa ci," ya ce. "Kai ma an kai maka rabonka." Ya juya fuskarsa bango. Na zauna har azahar, bai sake juyowa ba.

Ya Allah, ga bawanKa nan ya zo maKa da sandarsa da kaifin bakinsa. Ka auna shi da rahamarKa, kada Ka auna shi da irin awon da ya yi mana. Ka yalwata masa makwanci, Ka shayar da shi, Ka ba Inna haƙurin rashin ɗan'uwan da ita kaɗai ta yi masa kuka na gaskiya. Wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a, in da saura ya tuna da ni.

Watan jiya aka auna ni a asibiti aka ce jinina ya hau, dole in riƙa tattaki kullum da safe. Hanya ɗaya ce a garin nan da ta dace da tsoho mai ciwon gwiwa, kuma ita nake bi. Tana kai ni har bakin ruwa, mai gadi ya buɗe mini ƙofa ya ce sannu da zuwa, Malam.